Yadda za ku haɗa adashen hatsi a unguwarku

Duk mai ciyar da gida a Marwa ko Garwa ya san watan bakwai da na takwas, tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, buhun dawar da aka sayar da araha a kaka sai ka ji kuɗinsa ya haura kamar ba daga gonakinmu ya fito ba. Shi ya sa nake ta roƙon 'yan uwa, yadda muke adashen kuɗi, don Allah a ware wani na hatsi.

Ku fara da waɗanda kuka san halin juna, gida goma zuwa ashirin ya isa. Kowa ya zuba abin da aka yanke, wanda ya yi noma ya kawo hatsi a madadin sefa, a auna da kwano ɗaya gaban kowa a rubuta. Kuma a sa mata cikin masu riƙon littafin, su suka san kwano nawa gida ke ci a sati.

Wajen saye, mu nan Allah ya ba mu kaka biyu. Jar dawa, gero, masara da wake suna shigowa wajen watan goma da na sha ɗaya, sannan ga masakwa, dawar rani wadda Fulani ke ce wa muskuwari, ana dasa ta a karal, wato ƙasar laka mai riƙe ruwa, bayan ruwa ya ɗauke a girbe wajen watan biyu. To kar ku ƙarar da kuɗin a kakar farko, ku rage na masakwa. Ku tura mutum biyu kasuwar ƙauye su saya hannun manomi, kuma kar a danne shi don an ga yana cikin matsi, in ya ji daɗinku baɗi shi da kansa zai neme ku.

Ajiya ita ce inda ake asara, musamman wake. A shanya shi ya bushe ƙayau, ka ɗauki ƙwaya ka ciza, in ta yi ƙas ta fashe to ya yi, in haƙori ya nutse a mayar rana. Ko ka zuba kaɗan a busasshiyar kwalba da gishiri ka girgiza, in gishirin ya manne a jikin kwalbar akwai sauran danshi. Sai ku nemi buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, a matse iska a ɗaure kowace leda daban, ƙwaron da ke ciki iska ce za ta ƙare masa ya mutu, ba sai an zuba maganin ƙwari a abin da yaranmu za su ci ba. Da yawa ba su san dabarar nan a yankinmu ta fara ba, masu binciken noma na IRAD, cibiyar binciken noma ta Kamaru, a Marwa da Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka gwada ta a kan wake. Ku ɗora buhunan kan katako, nesa da bango, ɓera in ya huda ledar aikin ya lalace. Kuma a daina buɗewa ana leƙawa.

Ƙofar ɗakin ajiya a sa mata kwaɗo uku, makullai hannun mutum uku.

Tun kafin a sayi kwano ɗaya ku yanke ranar buɗewa da yadda za a raba. Ni a ganina a sayar wa 'yan adashe a kuɗin saye, a ɗora na mota da na buhu kawai, kuɗin ya koma asusu don kaka mai zuwa. In kuma rance ne, wanda ya ci kwano goma ya maida goma, ƙari a kai riba ce, ku tambayi malamin unguwa zai tabbatar muku. A fitar da wani kaso na marayu da matan da mazansu suka rasu, kuma a kai musu har gida da dare, ba a kira su gaban jama'a ba.

Tuwo ba ya tafiya ba miya, don haka lokacin da kuɓewa, yakuwa, lalo da zogale suka cika kasuwa mata su haɗu su busar, ganyen a inuwa don kar ya ƙone, a zuba a gwangwani mai murfi a ajiye a ɗakin tare da hatsin, shi ma a shigar da shi littafi.