Kurakuran da ke korar mai saye daga shafin farko

Kwanakin baya na buɗe shafin intanet na wani mai sayar da atamfa da shadda a wayata, zan saya wa ƙanwata kayan biki. Abin da ya fara tarbata shi ne hoton mai shagon cikin babbar riga, sai dogon tarihin kamfani. Sai da na ja allo sau huɗu kafin na ga turmi ɗaya, shi ma babu farashi. Na rufe, raina bai so ba, don kayan suna da kyau.

Wannan kuskuren ya fi kowanne yawa. Shafin farko bakin shago ne, kuma ba wanda ke tare mai saye a ƙofa da labarin kakanninsa. Layi ɗaya ya isa a sama: me kake sayarwa, a ina kake, kana aikawa wasu garuruwa ko a'a. Ƙarƙashinsa kaya uku ko huɗu da kuɗinsu. Masu ɓoye farashi suna gudun abokan hamayya ne, amma mai saye yakan ɗauka za a yi masa tsada.

Sai nauyin hotuna. Hoton da aka ɗauka da waya yakan kai megabait 4, a jera goma, datar mutum ta tafi shafi bai gama buɗewa ba. Binciken da Google ya fitar a 2016 ya nuna kashi 53 cikin ɗari na masu shiga da waya suna ficewa idan aka wuce daƙiƙa 3. Ka rage kowane hoto zuwa kilobait 200 ko ƙasa, ka mayar da shi WebP, wato tsarin hoto mara nauyi, sannan ka auna saurin shafin da PageSpeed Insights, kyauta ne. Hotunan nan masu juyawa da kansu kuwa, cire su.

Kada ka yarda wanda ya gina maka shafi ya nuna maka a kwamfutarsa kawai. Karɓi ƙaramar wayar yaron shago, ka gwada inda sabis ba shi da ƙarfi. Rubutun yana karantuwa? Yatsa yana samun maɓallin WhatsApp ba tare da lalube ba? Lambar waya a sama take zama, wadda ana taɓawa za ta kira.

Ka kuma duba adireshinka ya fara da https. Tun 2018 manhajar buɗe shafuka ta Chrome take saka tambarin rashin tsaro a shafin da ba shi da https, alhali ƙungiyar Let's Encrypt na ba da shaidar tsaron da ake samun https da ita kyauta.