Yadda Ake Tafiya da Kare a Mota Daga Jidda Zuwa Abha a Lokacin Zafi, Kai Kaɗai

Da zarar an rufe makarantu a Saudiyya, hanyar kudu sai ta cika maƙil. Mutanen Jidda da Makka kowa ya nufi tudu: Ɗa'ifa, Baha, Namas, Abha, inda ake samun iska mai sanyi har da ruwan sama a watannin Yuli da Agusta. Cikin 'yan'uwanmu Hausawa mazauna nan akwai masu kare, wani na gadin gona ko garke, wani saluƙi na farauta, kuma ba kowa ne yake da wanda zai bar wa amanarsa na mako guda ba. Idan ka yanke shawarar tafiya da shi kai kaɗai, abin da zai fi ba ka wuya shi ne tsayawa a hanya. Za ka so shiga masallaci, za ka so kewayawa, za ka so sayen abinci, kuma babu na biyu da zai riƙe maka igiya. A kan wannan matsalar na gina duk shirin da ke ƙasa.

Mataki na farko: ka tabbata karen zai iya

Wata guda kafin tafiya ka kai shi wurin likitan dabbobi. A duba allurarsa ta ciwon haukan kare, domin sabuwar allura tana ɗaukar kamar mako uku kafin ta kama jiki sosai. A ba shi maganin kaska da ƙuma, a rubuta komai a katinsa, katin kuma ya zauna tare da takardun mota. Ka ɗaura masa abin wuya mai ɗauke da lambar wayarka.

Tsohon kare, da mai teɓa, da karya mai ciki, da irin masu gajeren hancin nan da ake kawowa daga Turai, duk zafi yana saurin kayar da su. Idan naka yana cikinsu, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wanda kuma bai saba da mota ba, ka riƙa zagayawa da shi da dare, minti goma yau, rabin awa gobe, har ya daina amai da dalalar da yawu.

Mataki na biyu: mota

Mukayyif, wato na'urar sanyaya mota, shi ne ran wannan tafiyar, saboda haka shi za a fara dubawa: gas ɗinsa, fankarsa, da ko sanyin yana isa kujerar baya. Ka zauna a bayan da kanka da tsakar rana ka ji. Motoci da yawa direba yana shan sanyi a gaba, baya kuwa tana tafasa. Sai ruwan lagireto, birki, batir da tayoyi, har da safaya. Tsohuwar taya ba ta jure kwaltar Yuli.

Karen a keji zai zauna, mai wadatar iska, wanda aka ɗaure da bel a kujerar baya. Kada a sa shi a but, kada kuma a ɗaure shi a bayan akori-kura, inda ƙarfe ke ƙona masa dagi rana kuma na dukansa. Ka liƙa abin tare rana a gilasan baya.

Ruwa: a ranar da babu wahala, kare yana shan kimanin mililita 50 zuwa 60 a kan kowane kilo na nauyinsa. Saluƙi mai kilo 20 ke nan ya ɗan haura lita ɗaya, a zafi kuma yana iya ninkawa. Ka ɗauki jarka mai lita 20 ta musamman, ban da naka na sha, domin akwai ranar da za ka buƙaci ruwan zubawa a jiki. Ka haɗa da kula mai ƙanƙara, kwanonsa biyu, abincin da ya saba ci, doguwar igiya da gajeriya, takunkumi, ledojin kwashe kashi, da bargo. Iƙama (katin izinin zama), lasisi, istimara (rajistar mota), fahas (takardar gwajin lafiyar mota) da inshora su kasance da rai. Idan motar ba da sunanka take ba, mai ita ya yi maka tafwili, wato izinin tuƙa ta, ta manhajar gwamnati ta Absher.

Mataki na uku: raba hanya, ka zaɓi lokaci

Daga Jidda zuwa Abha ta kan duwatsun Sarawat ya haura kilomita 700. Mai ƙarfin hali yana iya cinye ta a yini ɗaya, amma da kare ban ga dalilin yin haka ba. Ka raba ta uku. Jidda zuwa Ɗa'ifa ba ta kai kilomita 200 ba. Ɗa'ifa zuwa Baha kusan 220 ne. Baha zuwa Abha, ta Baljurashi da Namas da Tanuma, ta haura 300, kuma kwana-kwana ce, tana cin lokaci fiye da yadda lissafi zai nuna maka.

Zangon farko ya fi kowanne haɗari duk da gajartarsa. Kare ba ya gumi sai ɗan kaɗan ta tafin ƙafa. Da haki yake fitar da zafin jikinsa. A iska mai laima irin ta Jidda hakin ba ya yi masa aiki sosai, daga nan kuma ka shiga kwarin da ke kewayen Makka inda ma'auni ke haura digiri 43. Don haka ka tashi da an sallame Asuba, hantsi ya same ka a kan Hada, dutsen da ake hawa kafin a shiga Ɗa'ifa. Ɗa'ifa tana da tsayin mita 1,800 daga teku, Baha da Abha sun haura 2,000, kuma a Abha zafin rana yakan tsaya a wajen digiri 30. Ka bi hanyar da ke kewaye Makka, kada ka kutsa cikin gari da kare. Hawan Hada akan rufe shi idan an yi ruwa ko hazo ko ana gyara, sai a koma ta Sail, ɗaya hanyar zuwa Ɗa'ifa. Ka bincika tun da dare.

Hukuma tana hana sa ma'aikata aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba. Ka ɗauki waɗannan awoyin a matsayin dokar karenka shi ma: su same ku a masauki. Tuƙin dare kuma ban ba da shawararsa ga mutum ɗaya ba, saboda barci, da hazon kan dutse, da raƙuma a hanyoyin da ba su da shinge.

Mataki na huɗu: yadda za ka tsaya

Mota a rufe cikin rana tana iya ƙara digiri goma a cikin minti goma, kuma sauke gilashi ɗan kaɗan ba ya hana komai. Idan waje yana 42, lissafa da kanka. Barin inji a kunne da mukayyif shi ma ba abin dogaro ba ne: inji yana mutuwa, mukayyif yana komawa hura iska mai zafi idan mota ta daɗe a tsaye, sannan barin mota a kunne babu kowa a ciki laifi ne a dokar hanya ta ƙasar nan. Ke nan dole ka tsara tafiyar ta yadda ba za ka buƙaci shiga ko'ina ba.

Abinci ka taho da shi daga gida cikin kula. Mai kuwa ma'aikacin mahaɗɗa, wato gidan mai, ne yake zubawa kana zaune, ka biya ta taga. Kewayawa ka yi kafin ka bar masauki. Idan ta kama ka a hanya, ka nemi mahaɗɗa mai rumfa a kan tudu, ka fito da karen ka ɗaure shi gajere a inuwa da kwanon ruwa, nesa da mutane, ka yi sauri.

Salla ita ce ta fi damun mutane, alhali addini ya sauƙaƙa. Kai matafiyi ne, kana da ƙasaru, kana da damar haɗa Azahar da La'asar, da Magariba da Isha. Idan ka bi tsarin sammako, yawancin sallolinka a masauki za su same ka. Wadda ta riske ka a hanya, ka sami inuwa mai tsabta, ka ɗaure karen a inda idonka zai kai, ka shimfiɗa darduma. Ka ware riga ta salla a cikin leda. Mu da muka taso kan Malikiyya mun san jikin kare ba najasa ba ne a wurin Imamu Malik, amma akasarin mutanen ƙasar nan Hambaliyya suke bi, kuma a wurinsu najasa ne mai nauyi. Ka girmama wannan. Kada ka kusantar da shi ƙofar masallaci ko wurin alwala, kada ka ba shi ruwa a kofin na'urar sabil da jama'a ke sha.

Wani dattijo Bahaushe ya taɓa ganina a bakin wata mahaɗɗa bayan Ɗa'ifa ina zuba wa kare ruwa a kwano. Ya tsaya yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, na gadi ne ko na farauta?" Na ce, "Na farauta ne, Baba." Ya gyaɗa kai ya ce, "To ka matsar da shi bayan katangar can, ta fi inuwa, kuma yara ba za su firgita ba." Yawancin mutane haka suke idan sun ga ka kama kanka da dabbarka. Hadisin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare mai ƙishi, Allah ya gafarta masa, babu wanda bai san shi ba a nan.

Kowace awa biyu ka tsaya ya miƙe ƙafa ya sha ruwa kaɗan-kaɗan. Kafin ya sauko, ka ɗora bayan hannunka a kan kwalta ka ƙirga bakwai. Idan ka kasa jurewa, shi ma dagin zai sale. Ka matsa inda akwai ƙasa da inuwa. Igiya kuma a sa ta tun kafin a buɗe ƙofa.

Mataki na biyar: masauki

Otal-otal da shuƙaƙ mafrusha (gidajen haya masu kayan ɗaki) da yawa ba sa karɓar kare, kuma a lokacin hutu ɗakuna suna ƙarewa. Ka buga waya tun kana Jidda, ka faɗi gaskiya. Istiraha, wato gidan shaƙatawa na haya, mai katanga da tsakar gida a bayan gari ta fi dacewa. Kada ka shigar da shi a ɓoye, domin abin da ka ɓata, Bahaushen da zai zo bayanka ne zai biya.

A kan dutse

Birai su ne abin tsoro na farko. Tun daga Hada har Suda ta kusa da Abha, wadda tsayinta ya kusa mita 3,000, garken gwaggon biri suna zaune a bakin titi saboda masu jefa musu ayaba da burodi. Babban namijinsu yana da fiƙoƙin da za su farke cikin kare, kuma ba sa faɗa ɗai-ɗai. Inda ka ga birai, gilashi a sama, kada ka sauke karen ko da wurin ya kai yaya kyau. Haka nan makiyaya suna da awaki da tumaki da nasu karnukan. Saluƙi da ido yake farauta, in ya hango abu ya motsa ya tafi ke nan, kiranka ba zai dawo da shi ba, ga kwazazzabai masu zurfi. Doguwar igiya ta ishe shi. Lokacin zafi ba lokacin farauta ba ne, kuma ko a lokacinta sai da izinin hukumar kula da namun daji.

Za ka ga masu sayar da inabin Ɗa'ifa da rumman da barshumi (ɗan itacen nan mai ƙaya) a gefen hanya. Ka saya ka ci, amma inabi da zabibi suna lalata ƙodar kare, ko kaɗan ne. Albasa, tafarnuwa da cakulan ma guba ne gare shi, don haka ragowar kabsa, shinkafa da naman Larabawa, ba tasa ba ce, balle dafaffen ƙashin kaza da ke tsagewa a ciki. Ƙwallon dabino yana iya toshe masa hanji. Kada ka ba shi Panadol ko maganin ciwon jiki na mutane.

Da yamma hadari yakan haɗu nan da nan a Asir, yankin da Abha take. Kada ka ajiye mota ko ka kafa tanti a cikin kwari ko da a bushe yake, saboda ruwan da aka yi a can saman dutse yana gangarowa babu sallama. Dare kuma akwai sanyi, nan bargon zai yi amfani, musamman ga saluƙi da ba shi da kitse.

Idan zafi ya kama shi

Zafin jikin kare lafiyayye tsakanin digiri 38 ne da 39. In ya doshi 41, rai ake magana. Alamun su ne haki mai ƙarfi da ba ya lafawa, harshe ya zazzago ya yi faɗi, dasashi ya yi ja wur, yawu ya yi kauri, sai layi, amai ko faɗuwa. Kada ka jira isa asibiti kafin ka fara sanyaya shi. Ka tsaya a inuwa, ka kwarara masa ruwa mai sanyi a wuya, ciki, hammata da matsematsi, ka sa shi gaban mukayyif iska na bugun jiƙaƙƙen jikin. Kada ka lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul, yana riƙe zafi. In yana cikin hayyacinsa ka ba shi ruwa kaɗan, kada ka ɗura masa. Sannan ka nufi likita ko da ka ga ya farfaɗo, domin illar da zafi ke yi wa ƙoda da hanta tana iya bayyana daga baya. Tun kafin ka bar gida ka adana lambobin asibitocin dabbobi na Ɗa'ifa, Baha, Abha da Khamis Mushait. Don kanka kuma: 911 a yankin Makka, wanda ya haɗa Jidda da Ɗa'ifa, 996 jami'an tsaron hanya, 997 motar asibiti. Ka riƙa sanar da wani a gida inda ka kwana da inda ka nufa.

Dawowa

Bayan kwanaki a sanyi, jikinsa ya saki, saukowa Tihama, ƙasar bakin teku mai zafi, za ta buge shi. Ko ta Hada za ka gangaro ko ta Baha zuwa Mikhwa, ka yi da sassafe, ka sa ƙaramar giya maimakon danne birki har ya ɗau zafi. Da kun isa gida ka bi jikinsa da hannu, cikin kunnuwa, tsakanin yatsu da gindin wutsiya, kana neman kaska. Cikin mako uku masu zuwa, idan ka ga ya ƙi cin abinci, ya yi laushi, ko jini na fita ta hanci, ka mayar da shi wurin likita ka gaya masa garuruwan da kuka bi.