Kurakuran da aka fi yi wajen tura imel waje lokacin da kamfani ke sauya sabar

Idan kamfani zai bar tsohuwar sabarsa ta imel, wato kwamfutar da ke karɓa da aika saƙonninsa, kamar cPanel ko Exchange na cikin ofis, ya koma Microsoft 365 ko Google Workspace, akwai kwanakin da wasu ma'aikata sun koma wasu ba su koma ba. A nan ne ake kunna turawa ta atomatik: saƙo ya sauka a tsohon akwati, a miƙa shi zuwa wani adireshi na waje. Wahalarta ita ce idan ta lalace ba kowa ke sani ba. Mai aikowa yana ganin ya aika, mai karɓa bai san an aiko ba, sai ranar da kwastoma ya kira yana faɗa.

Tura saƙo zuwa adireshin da ya fito

An buɗe wa sashen sayayya akwati a sabuwar sabar da adireshi iri ɗaya da na tsohuwa, sai a ce wa tsohuwar ta tura can. To ai a wurinta domen ɗin, wato sashen adireshi da ke bayan @, nata ne, ba za ta tambayi DNS, rajistar adireshin intanet, inda za ta kai saƙon ba. Ko dai ta mayar da saƙon cikin akwatin da ya fito, ko ta ƙi shi da cewa zagaye yake yi. Maganin shi ne adireshin wucin gadi da tsohuwar sabar ba ta ɗauka nata ba: a Microsoft 365 wanda ya ƙare da onmicrosoft.com, a Google Workspace wanda ya ƙare da test-google-a.com. A tabbatar kowane akwati yana da shi kafin a kunna komai.

Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne a saita ɓangarorin biyu su riƙa miƙa wa juna duk adireshin da ba su sani ba. A Exchange ana kiran wannan Internal Relay. Wani ya yi kuskuren harafi ɗaya a adireshi, sabuwa ta ce na tsohuwa ne, tsohuwa ta ce na sabuwa ne, saƙon ya yi ta kai-komo har ya ƙure adadin zangon da aka yarda. Exchange Online, wato imel ɗin Microsoft 365, yana mayar da shi da lambar 554 5.4.14, Postfix kuma, wata manhajar sabar imel, yana yankewa a zango na 50. Dole ɗaya daga cikinsu ta zama mai maganar ƙarshe, wato Authoritative, wadda za ta ce babu wannan mutumin a nan.

Masu cPanel su lura da Email Routing. Bayan an sauya MX, wato layin DNS da ke nuna sabar da ke karɓar imel ɗin domen, idan aka bar saitin a Local Mail Exchanger, duk saƙon da fom ɗin shafin kamfani ya aika zai ci gaba da zuba cikin tsoffin akwatunan da babu mai buɗewa. A mayar da shi Remote Mail Exchanger a ranar.

Microsoft 365 ya rufe ƙofar tun farko

Turawa ta atomatik zuwa waje a kashe take a Exchange Online idan ba a taɓa saitin ba, kuma alamarta ita ce saƙo ya dawo da lambar 550 5.7.520. Abin da mutane ke yi cikin gaggawa shi ne su buɗe ta ga kowa a babbar dokar tace saƙonni masu fita. Kada a yi haka. Wanda ya sace kalmar sirrin akawu, abu na farko da yake yi shi ne kafa dokar tura masa kwafin kowace takardar biyan kuɗi, shi ya sa aka rufe ta. A ƙirƙiri wata doka daban, a sa sunayen mutanen da ke buƙata kaɗai. Idan har yanzu saƙo bai fita ba, a duba AutoForwardEnabled a Remote Domains da dokokin zirga-zirgar saƙo, domin kowanne yana iya hanawa shi kaɗai.

SPF, DKIM da DMARC

Nan ne saƙonni suka fi ɓata, kuma masu muhimmancin ne ke ɓata. Banki ya aiko wa kamfani saƙo, tsohuwar sabar ta miƙa shi gaba. Sabar da ta karɓa za ta ga sunan banki a ambulan, wato adireshin da sabobi ke miƙa wa juna, amma lambar IP, wato lambar sabar da ta aiko, ta kamfaninku ce, wadda ba ta cikin SPF na bankin, jerin sabobin da ya yarda su aika da sunansa. SPF ya faɗi. Abin da ya rage shi ne sa hannun DKIM, hatimin da sabar bankin ta buga wa saƙon, wanda yake tsira daga turawa muddin ba a taɓa saƙon ba. To tsohuwar sabar tana liƙa gargaɗin "saƙo daga waje" a kan take, ko ta ƙara rubutun kamfani a ƙasa. Sa hannun ya karye. Idan DMARC na bankin, wato umarninsa kan saƙon da ya faɗi duka biyun, p=reject ne, an ƙi saƙon ke nan.

Gyaran hawa uku ne. A kunna SRS a sabar da ke turawa don ta sake rubuta adireshin ambulan da domen ɗinku. A WHM, shafin gudanar da sabar cPanel, yana cikin saitin Exim, manhajar imel ɗinta, a Postfix ana amfani da postsrsd. Amma SRS yana gyara SPF ne kawai, ba ya sa ya dace da sunan da ke layin From, saboda haka DMARC na kan DKIM har yanzu: a kashe duk abin da ke sauya take ko jikin saƙon da ake turawa. Na uku, a sanar da sabuwar sabar cewa tsohuwar ta gida ce, ta Enhanced Filtering for Connectors a Microsoft ko Inbound gateway a Google, don ta duba asalin IP na mai aikowa.

Kan SPF naku kuwa, layi ɗaya ake yi. Wasu sukan ƙara na biyu don sabuwar sabar, sai duka biyun su daina aiki. A haɗa tsohuwa da sabuwa cikin layi guda, kuma kada binciken DNS ɗinsa ya wuce 10.

Rashin ajiye kwafi

A Exchange, idan ba a sa DeliverToMailboxAndForward ya zama $true ba, saƙo yana wucewa ne ba ya zama, wanda aka ƙi a can kuma ba za a same shi a ko'ina ba. A kuma sani idan an cika ForwardingAddress da ForwardingSmtpAddress duka, na farkon ne ke aiki. Girma ma na hanawa: Exchange Online yana karɓar MB 36 kafin a ɗaga iyakar, kuma fayil yana ƙaruwa da kusan kashi ɗaya cikin uku idan an liƙa shi a imel.

Gaggawar kashe tsohuwar sabar

A rage TTL na MX, wato tsawon lokacin da sauran sabobi ke riƙe shi kafin su sake tambaya, zuwa daƙiƙa 300 kwana biyu kafin ranar sauya shi. Rage shi a ranar ba ya amfani, domin sauran sabobi suna riƙe da tsohon har sai wa'adinsa ya cika. Bayan sauyin a bar tsohuwar tana karɓa tana turawa aƙalla mako ɗaya. Postfix, alal misali, yana ci gaba da gwada isar da saƙon da ya maƙale har kwana 5. Tacewar saƙonnin banza ma ta zauna a kunne, in ba haka ba sabarku ce za ta zama mai aika su a idon Gmail.

Gwaji daga cikin ofis ba gwaji ba ne, tunda saƙon bai bi ta MX ba. A aiko daga Gmail da Yahoo, a buɗe cikakken kan saƙon, a karanta layin Authentication-Results a ga abin da ya ce kan spf, dkim da dmarc.

Sai dokokin da ma'aikata suka kafa da kansu a akwatunansu. Ƙaura ta IMAP, hanyar kwaso abin da ke akwati zuwa sabuwar sabar, saƙonni kawai take ɗauka, ba ta ɗaukar dokoki, kalanda ko adireshin mutane. Kafin a fara, a Exchange a fitar da jerin dokokin da umarnin Get-InboxRule, a haɗa da jerin turawar da Get-Mailbox ke nunawa. A nan ake gano masu tura aikin kamfani zuwa Gmail ɗinsu na kansu, wani lokacin har da wanda ya bar aiki tun bara. Duk turawar da aka yarda ta ci gaba a rubuta ta a takarda ɗaya: akwatin, inda take zuwa, wanda ya ba da izini, da ranar da za a kashe ta.