Kurakuran da masu kallon fina-finan samurai suke ta maimaitawa

Na gaji da jin ana kiran fim ɗin samurai "ɗan Caina". Japan daban, Sin daban. Samurai, wato baraden Japan na da, takubba biyu yake sokewa a ɗamara, dogon sunansa katana, gajeren wakizashi, kaifinsu yana kallon sama. Wannan ƙaramin kuskure ne, kallo ɗaya ya isa gyara shi.

Wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne mutum ya gama kallo ya fito yana yabon bushido, wato ƙa'idar mayaƙa, alhali fim ɗin tuhumarta yake yi. Ɗauki fim ɗin Harakiri na Kobayashi Masaki, 1962. Labarin a 1630 yake, yaƙi ya ƙare, gwamnatin Tokugawa tana rushe gidajen sarauta, barade sun zama ronin, ba ubangida ba albashi. Wani saurayi, Motome, ya sayar da ƙarfen takubbansa saboda talauci, ya zura gora a kube. Ya je ƙofar gidan sarautar Ii yana roƙon a ba shi wurin farke cikinsa, wato ya kashe kansa bisa al'adar samurai, da fatan a sallame shi da 'yan kuɗi kamar yadda wasu gidajen ke yi, don matarsa da jaririnsa suna kwance ba magani. Mutanen gidan sun ga gorar sarai, suka ce sai da ita zai yi. Kyamara ba ta kau da kai: yana danna gora a ciki tana ƙin shiga, har sai da ya kifa a kanta da nauyin jikinsa. Wai bayan wannan wani ya ce fim ɗin yana koyar da mutunci! Haba malam, idonka ina yake? A ƙarshe surukin Motome, Hanshiro, ya tumɓuke sulken kakannin gidan, wanda ba kowa a cikinsa, ya yi jifa da shi. Da bindiga aka ƙarasa shi, sannan aka rubuta a kundin gida cewa rashin lafiya ce ta kashe manyan gidan da suka mutu sanadiyyarsa.

Ni dai abin da nake yi, kafin komai sai na rubuta shekaru biyu a takarda: shekarar labarin da shekarar da aka ɗauki fim ɗin. Labarin da ke gabanin 1600 zamanin yaƙe-yaƙe ne. Daga 1603 zuwa 1868 zaman lafiya ne, samurai ya koma ma'aikaci mai karɓar albashin shinkafa. A 1876 aka hana shi yawo da takobi. Shekara ta biyun ma tana magana: waɗanda suka yi fina-finan 1950 zuwa 1970 sun ga yadda aka tura matasa mutuwa da sunan bushido a yaƙin duniya na biyu, Kobayashi kansa an ɗauke shi soja.

Na biyu, masu tsallake hira su je wurin sara. Ku daina. A Samurai Bakwai na Kurosawa, 1954, fiye da awa uku ne, kuma yawancinsa neman mayaƙan da za su kare wani ƙauye ne da auna gari da ƙirga 'yan fashi. Wanda ya tsallake ba zai lura ba cewa duk samurai huɗun da suka mutu harsashi ne ya kashe su, har da Kyuzo, gwanin takobin da ba a taɓa kayarwa ba. Bindiga ta shigo Japan tun 1543 ta hannun Turawan Fotugal. Ƙirga bindigogin fim ɗin, uku ne, ka bi kowace ka ga inda ta ƙare.

Kada ka ɗauka bushido tsohuwar doka ce rubutacciya da kowa ya bi. Hagakure, littafin da ke bayanin bushido, wajen 1716 aka tattara shi daga bakin mutumin da bai taɓa zuwa fagen fama ba, shahararren littafin Nitobe kan bushido kuma da Turanci aka fara rubuta shi, bayan an soke samurai.

Ronin ba wani muƙami ba ne, rashin aiki ne.

In ka ji an ce albashin mutum koku 50, kada ka wuce. Koku ɗaya kusan lita 180 ce ta shinkafa, kuma wanda ke wannan matakin talaka ne. Shi ya sa Seibei na fim ɗin Yamada Yoji, 2002, mai irin wannan albashin, yake saƙa kejin ƙwari da dare don ya biya bashi.