Yadda ake zana daɓe mai zurfi bisa ƙa'idar masu zanen Italiya

Kafin ƙarni na 15, mai zane a Turai yakan girmama mutum a hoto gwargwadon darajarsa, waliyyi ƙato, talaka ɗan mitsitsi. A birnin Fulorans na Italiya aka sauya wannan. Magini Filippo Brunelleschi ya gwada a aikace, sannan Leon Battista Alberti ya rubuta ƙa'idar a 1435: girman abu a hoto ya danganta da nisansa daga idon mai kallo. Tushen lissafin kuwa yana komawa ga ilimin gani na Ibnul Haisam, wanda aka juya littafinsa Kitabul Manazir zuwa Latin. Ɗalibin zane a Samaru zai iya koyon wannan da rana guda, in dai ya yarda ya auna maimakon ya kintata.

Ka tanadi takarda A3 guda biyu, doguwar rula, salatif, fensir 2H na layukan awo da HB na ƙarfafa zane. Kwantar da takarda ɗaya a kan tebur, ka liƙa ta biyun a damarta.

Ja layin ƙasa mai tsawon santimita 24, ka raba shi gida 8, kowane santimita 3. Waɗannan su ne bakunan tayil na sahun gaba. Daga nan ka hau santimita 9 ka ja wani layi a kwance har ya ratsa takarda ta biyu. Shi ne layin ido. An zaɓi 9 ne saboda Alberti ya ɗauki tsayin mutum a matsayin gida uku. Sa ɗigo a kan layin ido daidai saman tsakiyar layin ƙasa, ka haɗa kowace alama ta ƙasa da wannan ɗigo.

A nan yawanci ake ɓata aiki. Layukan da ke kwance, masu raba sahun tayil, ba a sa su da ido. Daga ɗigon tsakiya ka auna santimita 36 zuwa dama a kan layin ido, ka sa ɗigo na biyu. Wannan shi ne nisan mai kallo daga hoton. Ja layi ɗaya daga kusurwar hagu ta layin ƙasa zuwa ɗigon nan. Duk inda ya yanke ɗaya daga layukan da suka nufi tsakiya, ja layi a kwance ta wurin. Alberti yakan yi awon a wani zane dabam na gefe, amma wannan gajeriyar hanya, wadda Jean Pélerin ya buga a Faransa a 1505, sakamakonsu ɗaya. In ka yi daidai, layin farko zai tsaya kusan milimita 7 sama da layin ƙasa, na takwas kuma a santimita 3.6.

Akwai masu rage sulusi daga kowane sahu zuwa na bayansa. Alberti da kansa ya soki wannan dabara, kuma gwajinta mai sauƙi ne: ja layi ta kusurwoyin tayil, za ka ga ya lanƙwashe, alhali ya kamata ya miƙe sak. In kuma ka matso da ɗigo na biyu kusa, kamar santimita 12 don ya shiga takarda ɗaya, tayil na gefe za su miƙe su karkace. Fensir mai dakusasshen baki ma yana cin milimita guda a kowace mahaɗa, kuma sahun baya ba su da faɗin da za su jure haka.

Ƙa'idar ta yi amfani ko bayan rikicin addini. Da malamin Kirista Martin Luther ya tayar da gardama da cocin Katolika a 1517, kuma aka farfasa gumaka a majami'un Holan a 1566, coci ya daina zama babban mai sayen zane a can. Mai zanen Holan Pieter Saenredam ya riƙa auna majami'u masu farin bango, yana fifita zana ginshiƙai da daɓe. Wanda ba ya son zana mai rai yana da abin koyi a aikinsa.

Fara da barandar makaranta ko doguwar farfajiya mai tayil. Ginin ƙasa irin na cikin birnin Zariya, musamman bakan gizon tsohon Masallacin Juma'a da magini Babban Gwani ya gina, a bar shi sai hannu ya faɗa, domin bangonsa ba ya bin rula. Idan lokacin ya yi, ka fara kewaye kowane baka da murabba'i bisa wannan awo, sannan ka lanƙwasa shi a ciki.