Karatun digiri na gaba a Oxford: kurakuran da sababbin ɗalibai suka fi yi

Zangon karatu a Jami'ar Oxford mako 8 ne kacal, kuma uku ne a shekara: Michaelmas a watan Oktoba, Hilary a Janairu, sai Trinity a ƙarshen Afrilu. Wanda ya zo digiri na biyu na shekara ɗaya, kafin ya gama rarrabe hanyar laburare da ta kasuwa, sulusin darussansa ya wuce. Shi ya sa kuskuren da a wani wuri ake gyarawa a hankali, a nan yakan cinye wa mutum shekarar gaba ɗaya.

Wanda ya fi damuna shi ne zuwa da ƙudurin "karatu kaɗai ya kawo ni". Niyya ce mai kyau, da ita iyaye suka sallamo ka, kuma wanda aka biya wa kuɗin makaranta yana jin nauyin amana. Amma ga yadda takan ƙare. A ƙarshen Oktoba an mayar da agogo baya da awa ɗaya, zuwa Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma. Ɗalibi ya dawo daga laburare cikin duhu da yayyafi, ya dafa taliya ya ci a tsaye, ya kira gida ya ce "lafiya lau, alhamdu lillahi", alhali kwana uku ke nan bai yi magana da kowa ido da ido ba in ban da mai gadin ƙofa. Barci ya rikice, shafi ɗaya ya karanta sau huɗu bai shiga ba. Karatun da ya killace kansa dominsa shi ne ya fara lalacewa.

Tushen wannan shi ne rashin fahimtar mece ce kwaleji. A Oxford kana da gida biyu. Sashenka shi ke koyar da kai, shi ke da sufabaiza da jarrabawa. Kwaleji kuwa, ɗaya daga cikin fiye da 30, ita ce unguwarka: ɗakin cin abinci, laburarenta, ƙungiyoyin wasanni, ma'aikatan kula da walwala, da wani malami da aka ɗora wa duba lafiyar zamanka, daban da sufabaiza. Da yawa suna ɗaukarta ɗakin kwana kawai. A yawancin kwalejoji akwai majalisar ɗaliban digiri na gaba da ake kira MCR, ɗaki ne mai kujeru da shayi, kuma ƙungiya ce mai shugabanni da kasafin kuɗi. Mako ɗaya kafin a fara darasi suna shirya tarurrukan sanin juna. Ka je, ko kana fama da gajiyar tafiya. A wannan makon kowa baƙo ne, kowa na neman wanda zai zauna kusa da shi. Bayan mako uku an riga an ƙulla abota, shiga takan yi wuya.

Sai maganar giya, wadda ita ce hujjar mafi yawan masu janye jiki. Gaskiya ne, bayan taron ƙara wa juna sani sau da yawa mashaya ake nufa, kuma a wajen liyafa ana zagayawa da kwalba. Wasu sukan yanke hukuncin cewa duk wata mu'amala a garin ta giya ce, su rufe ƙofa. Wasu kuma, kaɗan ne amma akwai su, kunya ta sa su karɓi kofin don kada a ce ƙauyawa ne. Ba na ganin hikima a ko wanne. Ka ce "ba na sha" sau ɗaya, ka nemi lemo, babu mai tsare ka da tambaya. Turawan kansu akwai marasa sha. In kuma zuciyarka ba ta natsu da shiga mashaya ba sam, to kai ka fara gayyata: shayi da rana, yawo a filin ciyawa na Port Meadow ranar Asabar, ko shinkafa dafa-duka a kicin ɗin bene. Zumunta a ƙafa take, kuma tukunyar da ke ƙamshi ba ta rasa baƙi.

Haka liyafar dare ta kwaleji, wadda a wasu kwalejoji ake sa mata baƙar riga mai kama da alkyabba, a buɗe da addu'a da Latin, malamai na zaune a teburinsu na sama. Kada tsarin ya firgita ka. Tun wajen yin rajista ka zaɓi abincin halal in akwai, ko na ganye, ka kuma tambaya ko an zuba giya a miya ko a kayan zaƙi. Cokula da wuƙaƙe daga na waje ake farawa a yi ciki. Amfanin wurin shi ne wanda ke gefenka: yau masanin lissafi, gobe mai binciken zazzaɓin cizon sauro. 'Yar'uwar da ba ta musabaha da maza, ɗora hannu a ƙirji da murmushi ya wadatar.

Akwai kuskuren da ya samo asali daga tarbiyya mai kyau. An koya mana kada mu musa wa malami, kada mu kira babba da sunansa. A can shirun da kake yi don ladabi ana iya ɗaukarsa rashin abin faɗi, farfesa kuma zai sa hannu a saƙo da sunansa na yanka, yana jiran ka kira shi da shi. A ɗaya ɓangaren, suna lulluɓe suka da laushin harshe. In sufabaiza ya ce "wataƙila za ka so ka sake duba wannan babin", ka ji shi da kunnen basira: babin bai yi ba. Bayan kowace ganawa ka aika masa gajeren saƙo na abin da ka fahimta da ranar da za ka kawo gyara. Mai digirin dakta musamman, wanda ke da matakan tantancewa biyu kafin ya miƙa kundinsa, kada ya ɓuya wa malaminsa wata biyu don aikin "bai kammala ba". Ɗanyen rubutu ake gyarawa.

Yanzu wasanni. Mutum zai ce shi da bai taɓa riƙe filafili ba, me ya haɗa shi da tseren kwale-kwale? Yana tuna gasar Oxford da Cambridge da aka fara a 1829, wadda ake yi a Landan daga Putney zuwa Mortlake, kusan kilomita 7, yana ganin ƙarti a talabijin, sai ya cire rai. Waɗancan zaratan jami'a ne. A matakin kwaleji, da yawa daga cikin matuƙan a nan suka fara koyo, kuma kowane Oktoba ana neman sababbi. Mutum 8 ke tuƙi, na tara yana zaune a baya yana riƙe da akala yana ba da umarni. Ku fito da asuba, hazo na kwance a kan kogin Thames, wanda a nan ake kira Isis, yatsu sun sandare, ku ɗauki kwale-kwalen a kafaɗa ku sauke shi a ruwa. Da farko kowa na dukan ruwa yadda ya ga dama. Sai wata safiya filafilai takwas su faɗa ruwa tare, jirgin ya miƙe kamar an zare masa nauyi. Da yake kogin ƙunci gare shi, ba a jerawa gefe da gefe. Ana jera jirage ɗaya bayan ɗaya, a harba ƙaramar igwa, kowa ya yi ƙoƙarin cim ma na gabansa ya taɓa shi. Haka ake gasar Torpids a zangon Hilary da Summer Eights a Trinity, kwana huɗu kowacce. Sharaɗi ɗaya da bai kamata ka yi wasa da shi ba: sai ka ci gwajin ninƙaya. In ba ka iya ba, kada ka ɓoye, akwai wurin ninƙaya a cibiyar wasanni ta Iffley Road, ka koya.

A filin gudun wannan cibiyar ne Roger Bannister ya yi gudun mil ɗaya cikin ƙasa da minti 4, ranar 6 ga Mayun 1954, kuma a lokacin ɗalibin likitanci ne a Landan. Ba sai ka kai can ba. Ƙwallon ƙafa tsakanin kwalejoji sau ɗaya a mako, ko zagayen University Parks bayan Azahar, ya isa ya gyara maka barci.

Sai dai akwai mai faɗawa ɗaya ramin. Ya rubuta sunansa a ƙungiya goma, tuƙi safiya huɗu a mako, liyafa kowane dare, sai a mako na shida ya farga bai rubuta komai ba. Wasa ɗaya da ƙungiya ɗaya sun isa zangon farko. Kuɗi ma haka: abinci da haya suna taruwa a takardar bashin kwaleji, ka riƙa dubawa kafin ta zo maka a dunƙule. Tikitin manyan bukukuwan bazara tsada gare shi, rashin zuwa ba ya rage ka da komai.

Ƙananan abubuwa kuma. Keke shi ne jakin garin, ka saya masa makullin ƙarfe mai kauri da fitila gaba da baya, don doka ta wajabta fitila da dare. Ka yi rajista da likita a makon farko, ba ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai ba. Hukumar lafiya ta Birtaniya na ba masu baƙar fata shawarar shan sinadarin bitamin D duk shekara saboda ƙarancin rana. A hunturu Azahar, La'asar da Magariba suna haɗuwa cikin kusan awa huɗu, sai ka dubi jadawalin darasi ka san inda za ka yi salla tun kafin lokaci ya ƙure.

Na ƙarshe shi ne fakewa cikin 'yan gida kaɗai. Titin Cowley Road rahama ne: naman halal, doya, attarugu, ga babban masallaci a Manzil Way. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi da ta 'yan Afirka za su riƙe ka ranar da kewa ta taso, ranar Sallah musamman, da za ka idar ka wuce aji. Ka riƙe su da kyau. Amma in shekara ta ƙare duk lambobin da ke wayarka na 'yan ƙasarku ne, ka bar wani abu da ka biya kuɗinsa. In kuwa ƙuncin ya wuce kewa, ka kasa tashi, ka kasa cin abinci, jami'ar tana da masu ba da shawara kyauta kuma cikin sirri. Ka yi addu'a, ka kuma aika musu saƙo a ranar.