Yadda ake binciken zato kafin a amince da hasashen annoba

A watan Satumban 2014, lokacin da Ebola ke cin rayuka a Afirka ta Yamma, hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka a Amurka ta fitar da hasashen cewa mutane miliyan 1.4 na iya kamuwa a Laberiya da Saliyo zuwa ranar 20 ga Janairun 2015. Da annobar ta kau a 2016, waɗanda aka ƙirga a ƙasashen biyu haɗe da Gini sun ɗan haura 28,600, mamatan kuma sun ɗan haura 11,300. Wanda kanun labarai kaɗai ya karanta zai ce masana sun shararo ƙarya. Amma rahoton ya faɗi sharuɗɗansa a fili. An kai ga wannan adadi ne bisa ƙaddara cewa ba za a ƙara ɗaukar wani mataki ba, cewa jama'a ba za su sauya yadda suke jinya da jana'iza ba, kuma cewa ainihin masu cutar sun ninka waɗanda aka rubuta sau 2.5. Idan aka cire sharaɗin ƙarshe kaɗai, adadin ya koma 550,000. Rahoton ya kuma nuna cewa idan aka samu kashi 70 cikin 100 na marasa lafiya suna kwance a cibiyoyin jinya ko a wuraren da aka rage haɗarin yaɗuwa, annobar za ta kama hanyar ƙarewa.

Kowane samfurin lissafi, wato tsarin lissafin da ake kwaikwayon yaɗuwar cuta da shi, da masana ke amfani da shi a kan irin waɗannan zace-zace yake tsaye, kuma aikin ɗalibi, ko ɗan jarida, ko jami'in lafiya da aka miƙa wa sakamakon shi ne ya tono su ya auna nauyinsu. Ba sai mutum ya ƙware a lissafi mai zurfi ba kafin ya iya yin hakan.

A fara da neman tambayar da aka gina samfurin domin amsa ta. Akwai wanda aka gina don ya faɗi abin da zai faru a mako huɗu masu zuwa, akwai wanda aka gina don ya nuna abin da zai faru idan aka naɗe hannu, akwai kuma wanda bayanin dalili kawai yake nema, wato me ya sa cuta ke tashi ta faɗi. Na CDC na cikin kashi na biyu, kuma da gangan ya ɗauki abin da ba a fata ya tabbata, domin ya zaburar da gwamnatoci. Auna irinsa da abin da ya faru bayan an ɗauki mataki rashin adalci ne, sai dai shi ma mai fitar da shi yana da alhakin maƙala sharaɗin a jikin adadin duk inda adadin ya je.

Daga nan sai a ɗauki takarda a rubuta kowane zato da jimla cikakkiya, har da waɗanda marubutan suka ga sun fi ƙarfin a faɗa. Don a ga yadda ake yi, mu ɗauki samfurin da mafi yawan lissafin annoba suka samo tushe daga gare shi, wanda William Kermack da Anderson McKendrick suka wallafa a 1927 suna aiki a Edinburgh. Sun kasa jama'a gida uku: waɗanda za su iya kamuwa, waɗanda ke ɗauke da cutar suna yaɗa ta, da waɗanda suka fita daga sahu ta hanyar warkewa ko mutuwa. A mafi sauƙin siffarsa, samfurin ya ƙaddara cewa babu mai shigowa gari kuma babu mai fita, ba a haihuwa a tsawon annobar, wanda ya warke ba ya sake kamuwa, ƙarfin yaɗuwar cutar ba ya sauyawa daga wata zuwa wata, sannan kowa na iya haɗuwa da kowa daidai wa daida. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi ɓuya, kuma shi ya fi yin tasiri. Ya yi kama da manomin da ya ƙirga zangarniyar kunya ɗaya ya ninka da yawan kunyoyin gonarsa, alhali ɓangare ɗaya fadama ne ɗayan kuma jigawa. Tsohuwar da ba ta fita ƙofar gida da ɗan dako a kasuwar Dawanau ba sa cuɗanya da mutane iri ɗaya, amma lissafin ya ɗauke su tamkar mutum ɗaya.

Kada a yi gaggawar jefar da samfuri don an gano ƙarya a cikin zatonsa. Dokar faɗuwar abubuwa da ake dangantawa da Galileo ta yi watsi da iska baki ɗaya, ta ce mai nauyi da marar nauyi tare suke isa ƙasa. A doron duniya gashin tsuntsu ya ƙaryata ta, amma a 1971 David Scott, ɗan sama jannatin Apollo 15, ya saki guduma da gashin tsuntsu a duniyar wata inda babu iska, suka dira tare. Cire iska daga lissafin ne ya ba da damar ganin aikin ƙarfin da ke jawo abubuwa ƙasa shi kaɗai. Ga wanda ke lissafin dutsen da ya faɗo daga katanga, zaton bai cutar da komai ba. Ga mai lissafin lemar sauka daga jirgi, zaton ya kashe lissafin. Abin da ake tambaya shi ne ko abin da aka yar yana da tasiri a kan amsar da ake nema.

Saboda haka, bayan an rubuta zace-zacen, sai a rarrabe su. Wasu sauƙaƙawa ne da aka san ba gaskiya ba ne, kamar cewa kowa na haɗuwa da kowa. Wasu cike giɓi ne na abin da ba a auna ba, kamar ninkawa sau 2.5 ɗin nan. Wasu kuma zance ne a kan gobe, wato abin da mutane da hukumomi za su yi. Na farko ana gwada shi ta hanyar gina samfuri mai ɗan rikitarwa a ga ko amsar ta motsa. Na biyu maganinsa fita fili a ƙirga. Na uku babu mai iya tabbatar da shi, don haka ya kamata a ba da sakamako fiye da ɗaya, kowanne da sharaɗinsa. A ganina wannan na ukun ne aka fi yi wa sakaci, domin mutane ba sa jiran umarni kafin su ji tsoro. A lokacin Ebola, sauyin da al'umma suka yi wajen taɓa marar lafiya da wankan gawa yana cikin manyan abubuwan da suka karya lagon cutar.

Sai kuma girgiza kowane zato a ga yadda sakamakon zai yi rawa, kuma ana iya yin wannan da biro. A ƙaddara cewa yau masu cutar 100 ne, ana son sanin yawansu bayan kwana 120. Idan adadin na ninkawa kowane kwana 30, zai ninka sau huɗu, ya zama 1,600. Idan kowane kwana 20 ne, zai ninka sau shida, ya zama 6,400. Idan aka ɗora zaton cewa ainihin masu cutar sun ninka na rubuce sau 2.5, sai 6,400 ta koma 16,000. Bambancin kwana goma da zato guda ɗaya sun mayar da amsa ninki goma, ba tare da an yi kuskuren lissafi ko ɗaya ba. Zaton da aka girgiza amsar ba ta motsa ba, a bar shi ya huta. Wanda ɗan taɓa shi kaɗan ya juya amsar, a kansa za a kashe kuɗi da lokacin bincike.

Irin wannan gwajin yana da amfani kai tsaye ga aikin rigakafi. Ana yawan cewa mai ƙyanda ɗaya na iya harbar mutum 12 zuwa 18 a cikin jama'ar da ba ta da kariya. Idan aka ɗauki 15, samfurin mai sauƙi ya ce sai mutum 14 cikin kowane 15 sun samu kariya, wato kusan kashi 93 cikin 100, kafin cutar ta kasa yaɗuwa. Wanda ya ƙaddara cewa duk yaron da aka yi wa allura ya samu kariya zai ga kashi 90 ya ce an kusa. Amma allurar da ake yi a wata tara tana kama kimanin kashi 85 cikin 100 ne na yaran, kuma kashi 85 na kashi 90 bai kai 77 ba. Wannan giɓin na cikin dalilan da suka sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawarar allura biyu. Ƙarƙashin wannan ma akwai wasu zace-zacen: cewa maganin bai lalace da zafi ba a hanya, da cewa yaran da aka rasa a warwatse suke. Idan a unguwa ɗaya ko ruga ɗaya suka taru, cutar za ta samu wurin zama ko da alƙaluman jiha sun yi kyau.

A duba kuma adadin da aka raba da shi. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe da aka yi a Nijeriya ita ce ta 2006, wadda ta ba da kimanin miliyan 140, kuma yawan yaran da ake sa wa ƙaramar hukuma a takarda a yau ƙiyasi ne da aka ɗora a kan waccan ƙidayar bisa zaton saurin ƙaruwar jama'a. Shi ya sa wani lokaci rahoto ke nuna an yi wa fiye da kashi 100 na yara allura. Duk inda aka ga haka, zaton yawan jama'a ne ke neman gyara.

Mataki na gaba shi ne wanda ya fi shafar mu: a tambayi inda aka haifi samfurin. Mafi yawan abin da aka sani game da kai-komon ƙyanda an koyo shi ne daga bayanan Ingila da Wales kafin a fara rigakafi a 1968, inda cutar ke tashi kusan duk bayan shekara biyu, kuma buɗe makarantu da rufe su ke juya ta. Da masu bincike suka nazarci bayanan Yamai, a wani aiki da mujallar Nature ta buga a 2008, sun tarar da wani abu daban. Bisa yawan haihuwar da ake yi a birnin, tsohon samfurin ya sa a yi tsammanin annoba mai tsari duk shekara. Abin da aka gani kuwa shi ne manyan annoba marasa tsari, da shekarun da cutar ke kusan ɓacewa a tsakani, sannan yawancin masu kamuwa ba su isa shiga makaranta ba. Ƙarfin yaɗuwar yana hawa sosai da rani, ya faɗi da saukar damina. Wani bincike na 2011 ya auna hasken dare a hotunan tauraron ɗan'adam na Yamai da Maraɗi da Damagaram, ya ga hasken na ƙaruwa da rani kafaɗa da kafaɗa da yaɗuwar cutar. Bahaushe ya san sunan abin da suka gano: cin rani ne. Mutane na cika birni bayan girbi, su koma gona da faɗuwar ruwa. Dokokin lissafin ba su sauya ba tsakanin Landan da Yamai, zaton abin da ke tara mutane ne bai yi daidai ba. Don haka duk samfurin da aka kawo daga waje, a tambaye shi me ya sani game da kaka da rani, da ranakun kasuwa, da girman gida, da shekarun jama'a.

Akwai tarko ɗaya da ke kama har ƙwararru, wato ɗaukar dacewar layin lissafi da alƙaluma a matsayin hujjar cewa bayanin gaskiya ne. Kermack da McKendrick sun gwada samfurinsu da alƙaluman mace-macen annobar da ƙuman ɓeraye ke yaɗawa a birnin Bombay na Indiya tsakanin 1905 da 1906, kuma layin ya zauna a kan alƙaluman daram. Bayanin samfurin shi ne cewa annoba na faɗuwa ne idan waɗanda za su iya kamuwa suka yi ƙaranci. Sai dai cutar ta riƙa dawowa Bombay kowace shekara a kusan lokaci guda, kuma nazarin da aka yi daga baya ya nuna cewa sauyin yanayi, wanda ke shafar ƙuma da ɓeraye, ya fi dacewa da zama dalilin faɗuwar. Dalilai biyu mabambanta na iya zana tudu iri ɗaya a takarda. Hanyar raba su ita ce a nemi wurin da suka saɓa: idan ƙarewar masu kamuwa ce, bai kamata annoba mai irin girman ta dawo baɗi ba, idan yanayi ne, za ta dawo. Sai a gwada samfurin da bayanan wata shekara ko wani gari da ba a yi amfani da su wajen daidaita shi ba.

Zato kuma yana tsufa. Shekaru da dama nau'in A na ƙwayar sanƙarau ne ke haddasa manyan annoba a yankin Sahel, har da ta 1996 da ta yi ɓarna a arewacin Nijeriya. Allurar MenAfriVac, wadda aka fara a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, ta durƙusar da shi. Amma annobar Nijar ta 2015 da wadda ta taso daga Zamfara a ƙarshen 2016 ta bazu a 2017 nau'in C ne ya jawo su, kuma waccan allurar ba ta ba da kariya daga gare shi. Don haka a rubuta shekarar da aka auna kowane zato a gefensa, a kuma sa lokacin sake duba shi.

In aka zo bayar da rahoto, kada a saki adadi shi kaɗai. A faɗi tazarar da yake ciki daga ƙasa zuwa sama, a faɗi ranar da bayanan suka tsaya, sannan a sa sharaɗin da ya fi nauyi a cikin jimla ɗaya da adadin, misali: idan ba a ƙara gadajen jinya ba, kuma idan masu cutar sun ninka na rubuce sau 2.5, za a iya kai wa 16,000 cikin kwana 120. A ƙara da alamar da za a sa wa ido, kamar yawan sababbin masu kamuwa a kowane mako, da matakin da idan ta kai shi za a koma a sake lissafin daga tushe.